Ranar da Matar Mai Aski Ba Ta Dawo Ba

A ajinsu Anti ake ce mata, domin ta girmi kowa. Ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli ta shiga jami'a karatun gashin ƙashi, wato aikin motsa gaɓoɓin da ciwo ko hatsari ya kwantar har su koma aiki. Lokacin da ta fara, autanta bai daɗe da yaye ba. Yanzu ga ta a shekarar ƙarshe, autan har ya shiga makaranta, ita kuma ta kai inda idan ta zauna a kujera sai ta yi shawara da gwiwoyinta kafin ta miƙe.

Mijinta direban babbar mota ne, hanya ta fi gida ganinsa. Innarta ce ta dawo gidan da zama don ta riƙe yaran. Inna ba ta taɓa yarda cewa wannan abu karatun jami'a ba ne. Karatun tausa take ce masa, kuma duk yamma sai ta miƙo ƙafa ta ce a gwada mata abin da aka koyo yau. Dangi kuwa sun rabu biyu: masu kiranta Likita suna kawo mata kwalayen magani ta duba musu, da masu tambayar yaushe za ta zama likitar gaske. Tun tana bayani har ta gaji ta koma murmushi kawai.

A shekarar ƙarshe, da safe asibitin koyarwa ake zuwa, da rana a koma lakca. Ɗakin motsa jiki yana ƙasan bene, dogo ne, tagoginsa can sama kusa da rufi. Akwai gadaje masu katifar roba da labule a tsakaninsu, da ƙarafuna biyu a jere da ake koyon tafiya a tsakiyarsu, da babban madubi da ya tsage a kusurwa. Fanka ɗaya ce mai aiki, ita ma ƙararta ta fi iskarta. Mai kula da ɗaliban wata dattijuwa ce da suke kira Malama Sake, saboda duk abin da ka yi a gabanta, ko ɗaga ƙafar majinyaci ne ko gyara matashi, za ta dube ka ta saman tabarau ta ce ka sake.

Ita ce ta ba Anti wani majinyaci, mai aski. Ta ce nata ne har ƙarshen zango, kuma a kansa za a yi mata jarrabawar aiki.

Mutum ne mai jiki, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama a shagonsa yana tsaka da yi wa wani aski. Hannunsa na dama a lanƙwashe yake a ƙirji, ƙafar dama kuwa kamar ba tasa ba. Maganarsa ma ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa: to. Da ita yake gaisuwa, da ita yake ƙin abu, da ita yake faɗa. Matarsa ce ke turo shi a keke, wata siririyar mata mai jaka a kafaɗa da tawul a wuya, kuma ita kaɗai ke gane wace "to" ce ta ruwa, wace ce ta a ƙyale shi. A ranar farko ta gaya wa Anti cewa shagonsa ya fi kasuwa hira, har akwai masu zuwa aski da kan da babu gashi don kawai su saurare shi.

Ta ce, "Na daɗe ina roƙon Allah ya rage masa surutu. Amma ban ce a kwashe duka ba."

Anti ta yi dariya, mai askin ya harari matarsa ya ce to.

Aikin ba mai sauri ba ne. Aka fara da koya masa juyi a gado, sannan zama a bakin gado ba tare da ya kife ba. Anti takan tokare gwiwarsa da tata, ta rungumo ƙugunsa, ta ce ya turo kansa gaba, su miƙe tare. Nauyinsa duka a bayanta yake sauka. Kafin a yi nisa ita ma ta fara sa hannu a ƙugu idan za ta hau bene, wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo yana tsokanarta cewa a buɗe mata nata fayil ɗin. Amma mutumin yana matsawa. Ya kai yana tsayawa tsakanin ƙarafunan nan biyu, yana kallon kansa a madubi da fuskar wanda aka haɗa shi da baƙon da bai yi masa ba. Matar kuwa ba ta taɓa makara ba. Tana zaune a benci da jakarta a cinya, tana kallon ƙasa, idan an gama ta taso ta goge masa zufa ta sa masa takalmi.

Ranar da abin ya faru, Anti tana da gwaji a lakcar rana, gwajin da makinsa ke shiga sakamakon ƙarshe. Ta zo da littafinta a aljihun farar riga, tana leƙawa duk lokacin da majinyacin ke hutawa. Ana cikin aiki matar ta taso ta ce za ta je wurin karɓar magani ta dawo, ta ajiye jakar a kan keken ta fita.

Aka gama, ba ta dawo ba. Anti ta goge masa zufar da kanta, ta sa masa takalmin, ta zaunar da shi a keke ta juya shi yana fuskantar ƙofa. Sauran majinyata suka yi ta tafiya da masu jinyarsu. Ɗalibai suka fara cire fararen riguna suna haramar lakca. Anti ta kira lambar matar, sai ta ji wayar tana ƙara a cikin jakar da ke rataye a keken. Ta je wurin karɓar magani da sauri, ta bi layin tun daga taga har ƙarshe, babu ita. Ta leƙa banɗakin mata, ta leƙa wurin masu sayar da ruwa a bakin ƙofa. Babu wanda ya lura da wata siririyar mata mai tawul a wuya.

Ta dawo ta sami Malama Sake ta gaya mata, ta kuma ambaci gwajin. Malamar ta ce ita kanta ana jiran ta a taron sashe, ma'aikatan da suka rage kuma suna ɗakunan da ake kwantar da marasa lafiya. Majinyaci na wanda aka ba shi ne har sai ya miƙa shi ga wani hannu. Ba ta faɗa da zafi ba, amma ba ta bar ƙofar wata magana ba. Ta ƙara da cewa a duba fayil ko akwai wata lamba. Aka duba, lambar matar ce kaɗai.

Anti ta zauna a bencin da matar ke zama. Ta ji lokacin gwajin ya zo, ta ji ya wuce. Ba ta ko buɗe littafin ba. Abin da ke cinta shi ne ta kwana uku tana karatun nan a tsaye a kicin, yaran suna jan zaninta, ga shi ya tashi a banza saboda wata ta ga dama ta yi tafiyarta.

Mai askin ya fara motsi. Ya ce to, ya sake cewa to da ƙarfi, yana bugun hannun keken da hannunsa mai lafiya. Ta miƙa masa ruwa ya ture. Ta gyara masa zama ya girgiza kai. Sai da ta ga yadda yake matse ƙafa yana kau da ido sannan ta gane. Ta fita ta nemo wani ma'aikacin tura keke, suka kai shi banɗaki tare, ta tsaya a waje. Da suka fito mai askin bai yarda ya haɗa ido da ita ba. Hawaye ne ke bin ɓarin fuskar da ya shanye, shi kuma bai ma san suna zuba ba. Ta ɗauki wani tawul daga jakar ta share masa.

Bayan lakca Dogo ya leƙo da biredi da shayi a kofin roba. Ya ce malamin da ya ba da gwajin ya kira sunanta, shi Dogo ya yi masa bayani, malamin ya ce shi ba ruwansa da labari. Suka gutsuttsura biredin, mai askin yana ci da hagu a hankali. Can sai ya tsaya ya ƙura wa kan Dogo ido. Askin da aka yi wa Dogo a makon nan dama ya sha tsiya a aji, gefe ɗaya ya fi ɗaya hawa. Mai askin ya yi masa alama ya juya, ya duba ƙeyar, ya saki wani dogon tsaki, ya ce, "To." Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan kam ko shi ya fahimce ta. Ita ma Anti ta murmusa, amma idonta na ƙofa.

Sai da rana ta yi sanyi, masu shara sun fara jan bokitai a baranda, sannan matar ta shigo. Babu magani a hannunta. Gefen fuskarta ɗaya da shatin wani abu da ta jingina a kai. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar yarinyar da ta fasa tulu. Anti ta riga ta shirya maganganu a ranta tun rana, masu zafi, ta jera su ɗaya bayan ɗaya. Ta ja ta bayan labule don kada mijin ya ji, ta tambaye ta ina ta shiga.

Matar ta ce ta je wurin maganin ta tarar da layi har waje. Ta ce bari ta ɗan sha iska a bakin ƙofa kafin ya ragu. Sai ga bas ta tsaya a gabanta, kusan babu kowa a ciki, da kujera a jikin taga. Ita dai ta ga kanta a zaune. Ba ta san inda motar za ta ba, ba ta kuma tambaya ba. Barci ya ɗauke ta, sai a tashar ƙarshe direban ya tashe ta. Ta ce masa za ta koma. Da suka iso ƙofar asibitin ta ga ginin, ta kasa sauka, ta sake bin motar.

Ta ce, "Wallahi ba gudu na yi ba, 'yar'uwa. Ina zan je? Tun da ya faɗi ban yi barci irin na yau ba. Na san yana hannunki, shi ya sa idona ya rufu."

Anti ta matso kusa da ita. Idonta ya sauka a kan hannuwan matar. Wuyan hannun dama ya kumbura, ta ɗaure shi da tsumma a ƙarƙashin hannun riga. Anti ta kama shi ta ɗan juya, matar ta ja numfashi ta haƙora. Ta tambaye ta wa ke ɗaga mijin a gida. Ta ce ita. Wanka fa? Ita. Idan ya zame daga gado? Ita, da dabara, wani lokacin sai ta yi ta ja har ta kai shi jikin bango. Suna da 'ya'ya maza biyu manya, babban shi ya karɓi shagon, ƙaramin yana aikin walda. Kullum suna zuwa gaisuwa, su kawo abin da suka samu, su tafi. Ba ƙi suka yi ba. Uban ne ba ya yarda su gan shi a haka, da sun matso sai ya hau bugun gado, ita kuma ta ce su bari kawai.

Anti ta ce mata gwaji ta rasa yau saboda ita. Ta faɗa ne don ba ta iya haɗiye shi ba. Matar ta rufe baki da tawul ta yi ta ba da haƙuri. Anti ta ce ya wuce, ta karɓi lambar babban ɗan, ta taya ta tura keken har bakin titi.

Da ta isa gida Inna ta tare ta da ƙorafin cewa yaran sun ƙi cin abinci sai ta dawo, ta kuma tambaya ko tausar ce yau aka yi ta har yamma. Anti ta ce e, ita ce. Ta zuba wa yaran abinci, ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, ba ta ko cire takalmi ba.

Washegari ta ba Malama Sake labari duka. Malamar ta goge tabarau, sannan ta ce a kira 'ya'yan, kuma daga yau duk zuwan da za a yi da ɗayansu za a zo. Hannun matar ma a duba shi, a sa mata abin ɗauri na gaske. Game da gwajin kuwa ta ce za ta yi wa malamin magana, amma kada Anti ta sa rai, ta san halinsa.

Babban ɗan ya zo, saurayi mai kunya, da ƙamshin man aski a jikinsa. Da uban ya gan shi a ɗakin sai ya juya fuska bango. Anti ta nuna wa ɗan inda zai sa gwiwa da inda zai riƙe, ya matso, uban ya ture shi da hannun hagu har ya yi baya. Aka yi ta lallashi, ya ƙi. A ranar ba a yi komai ba. Zuwa na biyu ma haka. A na uku matar ce ta taso daga benci, ta zare abin ɗaurin ta miƙa masa hannunta dab da fuskarsa.

Ta ce, "Dube shi da kyau, maigida. Idan wannan ya tafi, ni da kai wa zai ɗaga wani?"

Ya daɗe yana kallon hannun. Da ɗan ya sake matsowa sai ya runtse ido ya bar shi. Ɗagawar farko ta zo a karkace, saura kaɗan su zube tare, aka maimaita har ta zauna. Ɗan yana gumi, uban yana gumi, babu mai kallon wani.

Maganar gwaji kuwa ta ja Anti hawa da sauka. Ta je ofishin malamin ta tarar ya fita, ta koma ta tarar yana da baƙi, ta sake komawa ya ce ta kawo shaida daga asibiti, ta kawo ya ce ba haka ake rubuta ta ba. Daga ƙarshe ya ce ba zai shirya sabon gwaji don mutum ɗaya ba, sai dai ta dage a babbar jarrabawa ta cike giɓin. Ta yi godiya ta fito. A kan matakala ta tsaya ta jingina da ƙarfe na ɗan lokaci, ɗalibai 'yan shekara ashirin suna wuce ta da gudu suna cewa sannu Anti.

Ranar jarrabawar aiki mai askin ya zo a gajiye, bai yi barci sosai ba, ƙafar ta ƙi ba da haɗin kai. Abin da yake yi cikin sauƙi a makon da ya wuce, a gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a sai ya gagara. Ya tsaya da ƙyar, ya ja ƙafar kaɗan, ya nemi kujera. Anti ta zaunar da shi, ba ta matsa masa ba, ko da yake ta ga baƙon yana rubutu. Ya yi mata tambayoyi kan jijiyoyi, ta amsa wasu, ɗaya ta ɓace mata fat alhali ta san ta. Ya tambayi yadda ake kula da majinyacin a gida, nan kam ta yi bayani har sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa.

Ta ci, amma ba da makin da ta so ba. Darasin da ta rasa gwajinsa ma ta haye shi da ƙyar, kamar mai tsallake kwata da kaya a kai.

Aka mayar da ita sashen yara don ƙarasa zangon, mai askin ya koma hannun wata ɗaliba. Labarinsa sai a bakin Dogo take ji. Ya kai yana tafiya da sanda a cikin gida, daga gado zuwa ƙofa. Hannun bai dawo ba, kuma likitoci ba su ce zai dawo ba. An samu wasu kalmomi kaɗan sun ƙaru, cikinsu har da sunan matarsa da wani zagi da babu wanda ya san ya iya. Ƙaramin ɗan ya zo na ɗan lokaci ya daina, ya ce aiki ya yi masa yawa. Babban ya riƙe, yakan rufe shagon da safe ya kawo uban, wani lokacin ma shi kaɗai, uwar tana gida.

Ranar da aka gama takardar jarrabawa ta ƙarshe, 'yan ajin suka taru a gaban sashe suna ɗaukar hoto, suna rubuta wa juna suna a jikin riga da biro. Anti ta tsaya aka ɗauki ɗaya da ita, ta hana a taɓa mata riga don za ta ƙara amfani da ita, ta sulale ta tafi. Ta isa gida da rana tsaka, abin da ta manta rabonta da yi. Ta jiƙa kayan wankin da suka taru, ta share kicin, ta kira mijinta ta gaya masa an gama. Ya ce madalla, yana kan hanya, layin yana yankewa, za su yi magana idan ya tsaya.

Da yaran suka dawo, babbar ta tsaya tana kallonta da mamakin ganinta a gida. Ta tambaya ko shi ke nan ta gama makaranta. Anti ta ce saura shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan jarrabawar samun lasisi. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya irin ta manya, ta ce ashe da saura. Sannan ta ce an ba su lissafi mai wuya, tun jiya ta kasa. Anti ta matse hannunta daga ruwan wanki, ta goge a zani, ta ce ta ɗauko su gani.